Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Rum, Kartaj da Maƙwabtansu a Fagen Yaƙin Kwamfuta

A shekarar 2004 wani kamfani na ƙasar Ingila mai suna Creative Assembly ya fito da wasan kwamfuta da ya raɗa wa suna Rome: Total War. Wasan yakan shimfiɗa wa mutum taswirar ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, tun daga tsibirin Birtaniya har bakin ƙasar Farisa, ya mayar da agogo baya zuwa shekara ta 270 kafin Miladiyya (daga nan za mu riƙa taƙaita ta da K.M.), sannan ya damƙa masa ragamar wata al'umma. Shi zai gina mata birane, ya tara haraji, ya ɗauki mayaƙa, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya warware ta. Duk ranar da rundunarsa ta yi kiciɓis da ta abokan gaba kuwa, sai taswirar ta kau, a sauko da shi filin daga, ya tarar da dubban dakaru da barade sun jeru suna jiran umarninsa. An yi wa wasan ƙani a 2013, aka kuma sabunta na farkon a 2021.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar marubuta da wasan yara? Mu da muke tsayawa gaban allo mun san akwai matasan da ba su taɓa buɗe littafin tarihin duniyar da ba, amma sun san sunan Hanibal, sun san giwayensa, kuma ta irin wannan wasa suka san su. Abin da ya shiga kai ta hanyar wasa kuwa ya fi wanda ya shiga da bulala wuyar fita. Daɗin daɗawa, akwai wata muhawara tsakanin masu wasan wadda ta shafi sana'ar rubutu kai tsaye. Wasunsu nasara kawai suke nema: su gano irin sojan da ya fi ƙarfi, su cika runduna da shi, su share taswira. Wasu kuma suka ce a'a, daɗin abin shi ne ka shiga rigar al'ummar da ka zaɓa, ka yi tunani irin nata, ka yi yaƙi irin nata, ko da hakan zai ja maka asara. Irin waɗannan har sharuɗɗa sukan gindaya wa kansu, waɗanda kwamfuta ba ta tilasta musu ba. Wannan kuwa shi ne abin da mai rubuta ƙagaggen labari ke fama da shi kullum, wato ya shiga zuciyar wanda ba shi ba.

Muna tare da rukuni na biyu, sai dai muna ganin da yawansu a rigar suka tsaya, ba su kai ga jiki ba. Abin da suke kwaikwayo shi ne makamin al'umma da yadda take jera sahu. Alhali a tarihi babu al'ummar da ta zauna ta zaɓi salon yaƙinta kamar yadda ake zaɓen yadi a kasuwa. Salon ya tsiro ne daga amsar wasu tambayoyi da ba a yin su a filin daga: wane ne soja, wa ke biyansa, kuma me ke faruwa a gida washegarin ranar da aka sha kashi?

Mu fara da Rumawa, tunda sunansu wasan ya ɗauka. Yawancin abin da aka sani game da tsarin sojansu na wancan zamani daga alƙalamin Folibiyus ya fito, wani Bagirke da aka kai Rum a matsayin jingina a 167 K.M., ya zauna cikin manyansu, ya ga abubuwa da idonsa. A faɗarsa, runduna guda, wadda suke kira legiyo, takan ƙunshi dakaru 4,200 da barade 300. Ban da 'yan jifa marasa sulke da ke fara tsokana, ana jera dakarun sahu uku bisa shekaru: samari a gaba, magidanta masu jini a jika a tsakiya, dattawan da suka ga jiya suka ga yau a baya riƙe da dogon mashi, ba a taɓa su sai abu ya ɓaci. Kowane sahu an yanka shi ƙungiya-ƙungiya da gurbi a tsakani kamar gidajen dara, ta yadda na baya zai shigo ya karɓi na gaba in ya gaji. Sukan fara da jifa da wani asigiri mai nauyi, sannan su ruga su haɗa ƙirji, garkuwa a hagu, gajeren takobi a dama. Wasan ya kwaikwayi wannan da kyau, masu shiga riga kuma sukan kiyaye lissafin sahu ukun, su hana kansu cika runduna da zaratan dattawa zalla.

To amma ba jerin sahu ne ya ci wa Rum duniya ba, don an sha karya shi. Firus sarkin Efirus ya karya shi a Herakliya a 280 K.M., ya sake karya shi a Askulum shekara guda bayan haka, duk da haka ya bar Italiya hannu rabbana, domin duk gwarzon da ya rasa ba shi da inda zai samo madadinsa, su kuwa Rumawa kamar an tone gidan tururuwa. Asirin yana nan: idan Rum ta ci wani garin Italiya da yaƙi, ba gandun kuɗi take ɗora masa ba, samari take nema su bi tutarta, ta kuma ba su rabo daga ganima. Da haka kowane abokin gaba na jiya ya zama rumbun sojan gobe. Folibiyus ya kawo ƙidayar da aka yi a 225 K.M., inda aka sami mazaje masu iya ɗaukar makami fiye da 700,000 a ƙasa da 70,000 a kan doki, tsakanin Rumawa da ƙawayensu. Masu iya magana suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shekara bakwai bayan wannan ƙidaya Hanibal ya tsallako duwatsun Alf ya gwada ta. Ya ragargaza su a kogin Tirebiya a 218, ya yi musu kwanton ɓauna a bakin tafkin Tirasimen a 217, sannan aka zo Kanne a watan Agustan 216 K.M. Rumawa suka fito da mutum kimanin 86,000, shi kuwa da kimanin 50,000. Ya sa tsakiyar sahunsa ta riƙa ja da baya a hankali, Rumawa suka bi ta suna murna, har suka cusa kansu tsakanin dakarunsa na Libiya da ke jira dama da hagu, baradensa kuma suka zagayo suka rufe ƙofar baya. Folibiyus ya ce an kashe 70,000, Libiyus marubucin Rum ya ce kimanin 48,000. Ko ƙaramin adadin muka ɗauka, a yini ɗaya ne fa, da takobi da mashi, babu bindiga babu bam.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin salon Rum. Hanibal ya aiko manzo a yi sulhu, aka hana shi shiga gari. Ya nemi a fanshi mutum 8,000 da ya kama, majalisar dattawa ta ƙi, ta gwammace ta sayi bayi 8,000 ta ba su makami. Aka taƙaita zaman makoki zuwa kwana 30. Waɗanda suka tsira da gudu aka tura su tsibirin Sisili a matsayin horo, ba za su ga gida ba sai yaƙi ya ƙare. Jagoran da ya jawo masifar kuwa, da ya dawo sai aka fita tarbarsa aka yi masa godiya, wai don bai yanke ƙauna daga jamhuriya ba. Cikin shekara huɗu Rum na da rundunoni fiye da 20 a fagen fama. Yanzu mu tambayi ɗan wasa: in kwamfuta ta karkashe maka runduna irin haka, me kake yi? Kowa ya san amsar. Sai ya koma inda ya ajiye wasan kafin gumurzun, ya sake bugawa har sai ya ci. A ganinmu wanda ya yi haka ya tuɓe rigar Rum, ko da ya jera sahunsa daidai da littafin Folibiyus. Sharaɗin da ya fi dacewa da Barume shi ne kada ya taɓa komawa baya, sannan ya riƙa sauya jagora duk shekara. Rumawa shugabanni biyu suke zaɓa, wa'adinsu shekara guda, kowanne yana ɗokin ya yi suna kafin kwanakinsa su ƙare, shi ya sa suka yi ta afka wa tarkon Hanibal. Fabiyus, wanda ya ce a bi shi a hankali a hana shi abinci, sai da ya sha gorin tsoro.

Wasan 2004 ya raba Rum gida uku, Julii da Brutii da Scipii, kowane gida da ƙasarsa da sojansa, majalisa tana aiko musu da umarni har ranar da za su juya mata baya. Wannan rabo ƙirƙira ce tsagwaronta. Amma yaƙin basasar da wasan ke kai mutum gare shi yana da tushe. A 107 K.M. Mariyus ya ɗauki marasa gona aikin soja, waɗanda a da ba a ɗaukarsu, kuma sojan da ba shi da gonar komawa jagoransa yake kallo ya samo masa ita. A 88 K.M. Sulla ya juyo da rundunarsa kan birnin Rum, a 49 K.M. Juliyas Kaisar ya bi sawunsa. Masana na yanzu suna ganin sauyin sojan a hankali ya zo cikin shekaru masu yawa. A wasan kuwa saƙo ɗaya ne ke faɗowa, a wayi gari da sababbin sojoji.

Kartaj birnin fatake ne a gaɓar Tunisiya ta yau, wanda mutanen Sur ta ƙasar Labanon suka kafa. Duk wanda ya zaɓe ta a wasa, giwa ce ta ja shi. Amma in aka duba tarihi, giwa ba ta tsinana wa Hanibal abin kirki ba. Da 37 ya taso, sanyin da ya biyo bayan yaƙin Tirebiya ya kashe su sai ɗaya. A Zama a 202 K.M. ya jera 80, Sifiyo ya buɗe musu hanyoyi a tsakanin sahunsa suka wuce, wasu kuma suka firgita suka koma kan baradensa, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Shi ya sa a rundunar ɗan'uwansa Hasdurubal mahayan giwa suke riƙe da kurfi da guduma, in ta haukace su kafa mata a ƙeya. A nan kam masu wasan sun yi karatu, don sun sa wannan umarni a ciki.

Makamin Kartaj na gaskiya aljihu ne. 'Yan gari ba su da yawa, galibinsu a jiragen ruwa suke aiki, sojan ƙasa kuwa daga waje ake tara shi: manoman Libiya da ake ɗiba, masu takobi daga Sifen, masu majajjawa daga tsibiran Baliyar, mutanen Gol, da baraden Numidiya. Wannan tsari yana da daɗi muddin kuɗi na shigowa. In an kashe sojan haya babu gidan da za a yi kuka a cikin birni. To amma ranar da baitulmali ya bushe fa? An ga ranar a 241 K.M., bayan yaƙin farko da Rum wanda ya ci shekara 23. Rum ta ɗora tarar talanti 3,200 na azurfa, kowane talanti kimanin kilo 26, sojojin haya wajen 20,000 kuma suka dawo daga Sisili suna neman albashinsu. Aka tsaya ciniki da su, suka yi tawaye. Manoman Libiya, waɗanda aka riƙa karɓe wa rabin amfanin gona lokacin yaƙi, suka mara musu baya, har matansu suka tuɓe kayan adonsu suka bayar a biya mayaƙa. Sai da Hamilkar, mahaifin Hanibal, ya shafe shekara uku da wata huɗu kafin ya kashe wutar, Rum kuma ta laɓe da rikicin ta ƙwace tsibirin Sardiniya.

Saboda haka wanda ke son shiga rigar Kartaj, idonsa ya kamata ya fi zama kan littafin kuɗi fiye da filin daga. Ya kuma tuna cewa jagoran Kartaj tsoro biyu yake yi, na gaba da na baya, domin birnin ya sha gicciye jagororin da suka sha kashi. Hanibal ya shekara 15 a Italiya, sau ɗaya tak gudummawa ta iso masa ta teku daga gida, a 215 K.M. Ɗan'uwansa da ya biyo ta ƙasa aka tare shi a kogin Metaurus a 207, aka jefa wa Hanibal kansa a sansani. Ɗan wasa yakan ɗauki hanya ɗoɗar zuwa birnin Rum, ya kafa tsani ya haye ganuwa, yana mamakin abin da ya hana Hanibal yin haka. Shi kuwa Hanibal ya san inda ƙarfin Rum yake, rumbun samarin nan yake so ya fasa. Shi ya sa yakan saki fursunonin da ba Rumawa ba kyauta, ya ce su je su gaya wa garuruwansu ya zo 'yantar da su ne. Kafuwa da wasu garuruwan kudu suka bi shi. Garuruwan Latin 30 kuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan Rum, ko ɗaya bai koma wajensa ba, duk da cewa 12 daga cikinsu sun gaji har suka ƙi ba da soja a 209 K.M. Lissafinsa na sarakunan zamaninsa ne, wato in ka doke mutum sau uku zai zauna a yi magana. Sai ya haɗu da waɗanda ba sa bin wannan ƙa'ida. Bayan Zama aka ɗora wa Kartaj talanti 10,000 ta biya cikin shekara 50. A 191 K.M. ta ce a karɓi ragowar gaba ɗaya, Rum ta ƙi. Sana'ar da birnin ya iya ke nan.

Akwai wata al'umma a wannan labari da ba a ba ta haƙƙinta ba. Baraden Numidiya, daga ƙasar da yau take Aljeriya da yammacin Tunisiya, ba su da sirdi ba su da linzami, igiya ce a wuyan doki da 'yar sanda a hannu. Ba sa tsayawa a yi ƙirji da ƙirji: su sheƙo, su yi jifa, su watse, su sake dawowa. Suna tare da Hanibal a Kanne ya yi nasara. A Zama Masinisa ya kawo wa Sifiyo barade 4,000 da dakaru 6,000, kuma dawowar barade daga baya ce ta ƙare yaƙin. Salon Numidiya ke nan a siyasa ma, wato ƙaramin sarki tsakanin manya biyu, wanda dole ya san lokacin sauya sheƙa. Masinisa da farko Kartaj ya yi wa yaƙi a Sifen. Da ya koma wajen Rum sai ya shafe rabin ƙarni yana yagar ƙasar Kartaj gona-gona, ya san yarjejeniya ta hana ta ramawa sai da izinin Rum, har ta ƙosa ta ɗaga makami, Rum ta sami dalilin da take nema. Jikansa Jugurta ya wahalar da Rumawa daga 112 zuwa 105 K.M., ba su kuma kama shi a fagen fama ba, surukinsa Bokus ne ya miƙa shi. A fitowar 2004 Numidiya tana kan taswira amma ba a yarda a zaɓe ta ba, abin ci ce kawai ga mai Kartaj ko mai Rum. Sai a 2018 aka ƙara wa wasa na biyu wani ɓangare na Numidiyawa tare da Kush ta ƙasar Sudan, aka kuma buɗe ta a sabuntawar 2021.

In muka juya gabas sai mu tarar da magadan Alekzanda: Makidoniya, gidan Salukus a Sham da Iraƙi, da gidan Tolemi a Masar. Abin alfaharinsu shi ne katangar mashi. Mutane sahu 16, kowa riƙe da mashi mai tsawon mita biyar zuwa shida da hannu biyu, tsinin sahu biyar na farko duk sun leƙo gaba. Daga gaba ba ta shiguwa, har jagoran Rumawan da ya karya ta a Fidna ya riƙa ba da labarin firgitar da ya yi da ya fara ganinta. 'Yan wasa sun gano haka, sai su kai katangarsu kusurwar fili inda layin iyaka ya tsare musu gefe da baya, su harɗe hannu suna kallon kwamfuta tana tsire kanta. A duniya kuwa fili ba shi da kusurwa. A Kinoskefale a 197 K.M. tudu da hazo suka raba katangar Filibus na Biyar gida biyu, wani hafsan Rum da tarihi bai riƙe sunansa ba ya ɗebi ƙungiyoyi 20 ya faɗa mata ta baya. A Fidna a 168 K.M. ƙasa mai gargada ta buɗe giɓi, masu gajeren takobi suka kutsa, cikin kamar awa guda aka gama.

Sai dai raunin da ya fi wannan shi ne na mutane. Kafin Kinoskefale sai da Filibus ya ɗauki yara 'yan shekara 16 don ya cika sahu. Rum ta sha kashi uku a jere ta miƙe, Makidoniya kuwa yini ɗaya a Fidna ya share sarautarta. A Masar da Sham abin ya fi muni, domin katangar ta dogara ne kan 'yan tsirarun Girkawa da aka ba gonaki, su kuma sarakunan ba su amince su ba 'yan ƙasa makami ba. A 217 K.M. Tolemi na Huɗu ya rasa yadda zai yi, ya horar da Misirawa 20,000, suka taimaka masa ya doke Antiyokus na Uku a Rafah ta kusa da Gaza. Misirawan suka gane ashe su ma suna iyawa. Ba a daɗe ba tawaye ya ɓarke, kudancin Masar ya ɓalle na kimanin shekara 20 da fir'aunoninsa 'yan ƙasa. Ga labari mai nauyi wanda wasan 2004 ya zubar, don ya zana Masar da karusai da hulunan zamanin Ramsis na Biyu, wanda ya rigayi gidan Tolemi da kusan shekara 1,000. An yi haka ne, muna zato, don Masar ɗin da mai saye ya sani a fim ita ce ta fir'auna. Irin wannan ne ya fusata wasu 'yan sa-kai suka yi wa wasan kwaskwarima mai suna Europa Barbarorum, suka mayar wa kowace al'umma kayanta da sunayen sojanta cikin harshenta.

Fartiyawa, waɗanda suka gaji Iran da Iraƙi daga gidan Salukus, su ne gwanayen masu son cin banza a wasa, don kwamfuta ba ta san yadda za ta yi da mai harbi daga kan doki ba. Karasus ma bai sani ba. A 53 K.M. ya tsallaka kogin Furatu da rundunoni bakwai, mutum wajen 40,000, Surena ya tare shi kusa da Harran, a kudancin Turkiyya ta yau, da barade 10,000 kacal. Dubu ɗaya daga cikinsu sanye suke da sulke su da dawakinsu. Mai karatu ya tuna 'yan lifidan hawan salla, sai dai nasu na ƙarfe ne. Sauran 'yan baka ne masu iya juyowa su yi harbi suna tsakar sukuwa. In Rumawa suka dunƙule kibau su sami wurin sauka, in suka warwatsu masu sulke su tattake su. Suka yi ta haƙuri wai kwari zai ƙare, sai suka hango raƙuma ɗauke da kibau ana sake cika wa maharba. An kashe kimanin 20,000, aka kama 10,000.

Nan ɗan wasa yakan tsaya. Amma me ya sami Surena? Sarkinsa Orodes ya sa aka kashe shi ba da daɗewa ba, don bawan sarkin da ke iya tara barade 10,000 daga gidansa abin tsoro ne. Daular ba ta da sojan dindindin, manyan gidaje ne ke kawo mutanensu, su yi kakar yaƙi su koma. Irin wannan runduna ba ta iya zaman kewaye gari wata da watanni. A 51 K.M. sun kai bakin Antakiya suka kasa shigarta. A 38 K.M. wani jagoran Rum ya jira su a kan tudu da masu majajjawa, ya kashe yarima Fakorus. Tsakanin 116 da 198 Miladiyya sau uku Rumawa suna cin babban birninsu da ke bakin kogin Dijla. Wanda kuma ya kawar da daular a 224 ba Barume ba ne, Ardashir ne, ɗaya daga cikin sarakunan da ke ƙarƙashinta. Mai shiga rigar Fartiya da gaske zai ci yaƙi ya sallami rundunarsa, ya kuma riƙa kwana da ido ɗaya saboda jagoransa mafi gwaninta.

Mutanen Gol da Birtaniya da ƙabilun Jamus su ne wasan ya fi zalunta. Ya ba su mata masu kururuwa da mazaje masu jifa da ƙoƙon kan mutum, ya mayar da salonsu ihu da ruguguwa. Alhali sulken zobe da sojan Rum yake taƙama da shi, su kansu marubutan Rum ga mutanen Gol suka jingina shi. Suna da garuruwa masu ganuwa, suna buga kuɗinsu, Kaisar da kansa ya ce ya tarar da ƙidayar wata ƙabila tasu a rubuce da haruffan Girka. Rarrabuwa ce ta ci su: wasu ƙabilun da Kaisar suke tun farko, haɗin kan da Basinjetoris ya ƙulla kuwa sai a 52 K.M. ya zo, bayan shekara shida ana cin su ɗaya bayan ɗaya. Arminiyus, wanda ya shafe rundunoni uku a dajin Tutobag a shekara ta 9 Miladiyya, hafsa ne da ya yi aiki a sojan Rum, har yana da 'yancin ɗan ƙasa, kuma da sanin halinsu ya ci su.

Laifin ba na masu kamfanin ba ne su kaɗai. Sun ɗebo ne daga rijiyar da kowa ke ɗiba, ita kuwa waɗanda suka yi nasara ne suka haƙa ta. Labarin Gol daga wanda ya ci ta muka ji shi. Na Jugurta daga Salust, wanda shi kansa ya yi gwamna a ƙasar Numidiya bayan an ci ta. Na Surena daga Fulutak, Bagirke. Hanibal ya tafi Italiya da marubuta biyu a sansaninsa, Sosilus da Silenus, littattafansu sun ɓata sai 'yan guntaye. Folibiyus kuwa, wanda muka yi ta dogara da shi tun farkon wannan maƙala, yana tsaye kusa da jagoran Rumawa sa'ad da Kartaj take ci da wuta a 146 K.M. Don haka duk wanda ya zaɓi Kartaj ya ce zai yi tunani irin na mutanenta, da kan abokin maƙiyinta yake tunanin. Birnin yana da ɗakunan karatu, Rumawa suka raba littattafan ga sarakunan Numidiya. Aiki ɗaya majalisar Rum ta ware ta sa aka fassara zuwa Latin, shi ne kundi 28 da wani mai suna Mago ya rubuta a kan noma. Asalin ya ɓata, fassarar ma ta ɓata. Abin da ya iso mana 'yan tsakure ne a littattafan manoman Rum, ciki har da bayanin kamannin da ake dubawa in za a sayi san huɗa.